Wa ya amsa wa wa? Inda Gmail ya gaza wajen jera saƙonni

A ce ku biyar ne kuke rubuta takardar bincike, saura kwana biyu a rufe karɓa. Ka buɗe imel ka tarar da amsoshi ashirin a jere. Na goma sha bakwai daga malaminka ne, ya ce: "Na amince, a cire shi." To a cire me? Jadawalin da wani ya soka da safe, ko sakin layin da wata ta yi magana a kai jiya? Idan ka cire wanda ba shi ba, aikin wata guda ya tafi.

Mutane da yawa suna ɗauka haka imel yake tun asali. Ba haka ba ne. Kowane saƙo yana ɗauke da wasu layuka a samansa da ba ka gani. Akwai lambar shaidarsa, wadda babu wani saƙon da ke da irinta. Idan amsa ce, akwai lambar saƙon da aka amsa, da jerin lambobin waɗanda suka gabace shi. Ƙa'idar RFC 822 ta 1982 ta riga ta tanadi wannan. Ke nan hirar imel siffar bishiya gare ta: saƙon farko shi ne gindi, kowace amsa kuma reshe ce da ta fito daga wani takamaiman wuri. A shekarun 1990 Jamie Zawinski ya tsara wa manhajar Netscape hanyar gina wannan bishiyar ko da wasu saƙonni sun ɓace, kuma har yau Thunderbird da Mutt suna iya nuna rassan.

Da Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu, 2004, ya tattara duk hira ɗaya a wuri ɗaya. Gaskiya wannan taimako ne, don ya rage cunkoso a akwatin saƙo. Matsalar ita ce ya sare rassan, ya jera komai bisa lokacin isowa. Saƙon da ke amsa maganar jiya sai ya zauna ƙarƙashin wanda ba ruwansa da shi. Saƙonnin tsakiya a naɗe suke, maganar da aka ɗauko daga baya kuma tana ɓoye a bayan ɗigo uku. Idan wani ya canza kan magana, ko hira ta wuce saƙo 100, sai ta rabe. A 2010 kamfanin ya ba da damar kashe tsarin, amma zaɓin bai wuce biyu ba: ko tuli ɗaya, ko saƙonni a warwatse. Bishiyar dai babu ita, alhali bayanan gina ta suna nan cikin kowane saƙo.

Wani zai ce fuskar waya ƙarama ce, ba za ta ɗauki reshe cikin reshe ba. Haka ne. Sai dai WhatsApp ya nuna mafita mai sauƙi tun 2016: yana ɗora guntun saƙon da ake amsawa a saman amsar, kana taɓa shi ya kai ka can. Don haka ni ban yarda ƙanƙantar waya ce uzuri ba.

Kafin a gyara, ga abin da ke hannunmu. Danna "amsa" a kan ainihin saƙon da kake nufi, ba na ƙarshe ba. Ɗauko layin da kake amsawa ka sa a saman maganarka. Idan kuma sabon batu ne, buɗe sabon saƙo. Kar ka amsa tsohon ka goge kan maganar, domin lambar tana nan, kuma a wasu manhajojin saƙonka zai binne ne ƙarƙashin tsohuwar hira. Sannan maimakon "a cire shi", rubuta "a cire jadawali na 3".