Masu Huda Gilashi Mai Launi a Yamai Sun Ciri Tuta

Yanka gilashi a miƙe kowane yaron shago ya iya: a ja layi, a ɓalle, shi ke nan. Amma a fitar da rami zagayayye a tsakiyar gilashi mai launi, sauran jikinsa ya zauna lafiya babu tsaga ko ɗaya, wannan sai gwani. Kuma wallahi a Yamai akwai gwanaye! Duk mai shakka ya leƙa wajen masu kayan gini da masu haɗa tagogi a kasuwar Katako, ya sha kallo.

Kayan aikin ma kansa abin so ne. Roba ce mai kama gilashi a tsakiya, da ɗan sanda mai awo, a bakinsa kuma ɗan mitsitsin faifai mai tsananin tauri. Na kamfanin Bohle na Jamus, mai suna Silberschnitt, ya yi suna a duniya, sai dai hannu ne ke aikin. Maigidan zai goge gilashin tas, ya shafa ɗan kananzir, ya zagaya sau ɗaya tak da nauyin hannu iri ɗaya. Ba a maimaitawa, domin layi na biyu ɓarna ne. Sai ya juya gilashin ya dinga ƙwanƙwasa bayansa a hankali, kana gani tsagar tana bin da'irar har ta haɗe da inda ta fara. Nan ne nake jin tsigar jikina ta tashi! Daga nan ya zana ƙaramar da'ira a ciki, ya cika ta da layuka masu gilma juna, ya fasa tsakiyar, ya ɓantare sauran gutsi-gutsi, sannan ya goge bakin ramin da dutse da ruwa har yatsa ya bi ba ya yanka.

Gilashi mai launi ya fi gardama, wani kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani fuskarsa mai kaushi ce, dole a zana ta ɓangaren mai santsi. Kuma gwani na gaskiya zai gaya maka kai tsaye cewa gilashin da aka gasa, irin na tagar gefen mota, ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Wannan gaskiyar tana ƙara mini ƙaunarsu.

Mutane na ƙetare teku don ganin tagogin cocin Chartres a Faransa ko na masallacin Nasir al-Mulk a Shiraz ta Iran, wanda aka kammala a 1888. Sun cancanta. Amma haƙurin hannun da ke bayan waɗancan tagogi, shi ne nake gani a nan gida, ko da ramin na fankar madafa ne ko na tagar karɓar kuɗi.

Jama'ar Yamai, in kuna da irin wannan aiki ku kai wa gwanayenku, kuma don Allah ku biya su ba tare da ja-in-ja ba.