Ɗaliban Wasan Kwaikwayo a Ƙasashen Waje: Sharhi kan Guzurin Tafiya da Tsarabar Dawowa

1.0 Gabatarwa

Ya zama al'ada ga makarantu masu hali su kwashi ɗalibansu na wasan kwaikwayo zuwa ƙetare, su nuna wasa, su kalli na wasu, su zaga wuraren tarihi. Galibi akan auna nasarar irin wannan tafiya da yawan tafin da aka samu. Wannan maƙala na ganin ma'aunin bai isa ba. Tambayoyi biyu suka fi cancanta: da wane harshe aka tafi, me kuma aka kawo wa mutanen gida? Za a gwada su a kan tafiyar 'yan wasan Jami'ar Ibadan ta 1970, sannan a duba inda Hausa ta tsaya.

2.0 Tafiyar 1970

An kafa Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960 a ƙarƙashin Geoffrey Axworthy. Wole Soyinka ya zama shugabanta a 1967, amma a shekarar aka tsare shi saboda yaƙin basasa, bai fito ba sai 1969. A 1970 ya ɗauki 'yan wasan makarantar zuwa cibiyar Eugene O'Neill da ke Waterford a jihar Connecticut ta Amurka, inda aka fara nuna Madmen and Specialists.

Abin lura shi ne wasan bai kammala ba a lokacin da aka tafi da shi. Cibiyar wuri ce ta gwada sababbin wasanni, don haka aiki ya kai su. Bayan sun dawo aka yi wa wasan kwaskwarima, aka nuna shi a Ibadan a 1971, aka kuma buga shi a wannan shekarar. Labarin Dokta Bero ne, likitan da yaƙi ya mayar jami'in leƙen asiri, har ya tsare mahaifinsa ya kuma kashe shi, da mabarata huɗu waɗanda yaƙi ya nakasa. Masu kallon Amurka labarin wata ƙasa suka gani. Mutanen Ibadan kuwa, shekara guda bayan ƙarewar yaƙi, kansu suka gani. Ta fuskar tsaraba ke nan, tafiyar ta ci nasara.

Ta fuskar harshe kuwa akwai magana. Da Ingilishi aka yi wasan, ƙarfinsa ma yana cikin yadda tsohon da mabaratan suke farfasa kalmomin Ingilishi su fitar da wata ma'ana daga cikinsu. Wannan ya sauƙaƙa wa baƙi, amma ya taƙaita tsarabar ga 'yan boko. Talakan da yaƙin ya fi shafa ba shi da rabo a cikinta.

3.0 Shin Harshen Gida Cikas Ne?

Hujjar da akan kawo ita ce baƙo ba zai fahimci harshenmu ba. Tarihi bai goyi bayanta ba. Duro Ladipo ya kai Oba Koso, labarin Sango Alafin na Oyo da jarumansa Timi da Gbonka, bikin Balin a 1964 da bikin fasahar ƙasashe renon Ingila a 1965, da Yarabanci tsantsa, kirari da gangunan bata suna ɗauke da saƙon. Haka kuma a 2012 gidan wasan Globe na Landan ya nuna wasannin Shakespeare 37 cikin harsuna 37. Ƙungiyar Renegade ta Legas, a ƙarƙashin Wole Oguntokun, ta yi The Winter's Tale da Yarabanci, an yi The Merry Wives of Windsor da Swahili, aka yi Cymbeline da Larabcin Juba. Taƙaitaccen bayanin kowace fitowa ya wadatar da mai kallo. Ashe harshe ba ya hana wasa tafiya, in an yi masa shiri.

4.0 Matsayin Hausa

Babu Hausa a cikin harsunan nan 37, alhali Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Da Hindi aka yi wannan wasan a bikin. Wato ba rubutu muka rasa ba, ƙungiyar da ta goge a kan dandamali muka rasa. Dalili kuwa a fili yake: a sassan harsuna, wasan kwaikwayo littafi ne da ake nazari don jarrabawa, sassan fasahar wasa kuma sun fi karkata ga Ingilishi. Ɗalibin da ya san jigon Uwar Gulma na Mohammed Sada ko Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, mai yiwuwa ne bai taɓa furta layi ɗaya daga cikinsu a gaban jama'a ba.

Idan dama ta samu a irin wannan hali, hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye magana a tafi da rawa da kiɗa da ado. A nan hasarar take, domin gishirin wasan Hausa a baki yake: karin magana, habaici, zambo, gatse da ba'a. Wanda ya cire su ya kai taiki ne ya bar hatsin a gida.

5.0 Kammalawa

Tafiyar 1970 ta nuna cewa ƙetare wurin aiki ne, kuma alkalin wasa na ƙarshe shi ne mai kallon gida. Oba Koso da bikin 2012 sun nuna cewa harshen gida na iya tsallaka teku. Saboda haka, kafin makaranta ta nemi kuɗin jirgi, ya kamata sashen harshe da na wasa su haɗu su shirya wasa da harshen ɗaliban, masana fassara su tanadi bayanin da baƙo zai bi, a kuma tsai da ranar da za a sake nuna wasan a gida bayan dawowa. In ba haka ba, ɗalibai za su dawo da hotuna, harshen kuwa bai je ko'ina ba.