Wa Ya Fassara Wasiƙar Sarkin Musulmi?

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata wasiƙa da muke yawan jawowa duk lokacin da hira ta kai mu ga zuwan Turawa ƙasar Hausa. Ita ce wadda aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika wa Gwamna Lugga a 1902, yana gaya masa bai yarda ko mutum guda daga cikinsu ya zauna ƙasarsa ba, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi irin na Musulmi da kafirai. In aka karanta ta a taro sai ka ji ana ta kabbara. Ni kuwa, da yake kimiyyar harshe nake karantawa, tambaya guda ke damuna: da wane harshe muke karanta ta? Amsa ita ce Turanci, ko kuma fassarar da aka ciro daga Turancin. Lugga ne ya buga ta cikin rahotonsa na shekarar 1902. Asalin Larabcin kuwa har yau ba a fito da shi ba. Tun 1964 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, D.J.M. Muffett, ya ɗaga wanga batu a littafinsa, amma mu har yanzu muna ta haddace ta kamar mun ga tawadar da idonmu.

Ban ce Sarkin Musulmi na son Turawa ba. Ko kusa. Abin da nake cewa shi ne, takardar da ta zama hujjar yaƙi ta biyo ta hannun wanda ke son yaƙin, kuma shi kaɗai ne shaida a kanta. In da a kotu ne, wane alƙali zai karɓi wannan?

Ku duba lokacin da ta fito. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa Arewa ta shiga hannun Ingila, alhali Kano da Sakkwato ba su ma san ana yi ba. A 1901 ya ture sarakunan Kwantagora da Bidda. Yaƙin Afirka ta Kudu ya ƙare a Mayu 1902 bayan ya cinye wa Ingila kuɗi mai yawa, don haka ofishin mulkin mallaka a Landan bai cika marmarin sabon yaƙi ba. Mutumin da ke son ya ci Kano da Sakkwato yana buƙatar takardar da za ta nuna cewa can ne aka fara jan daga. Sai ga wasiƙa, gajera, mai zafi, daidai wuyan rigar.

Akwai kuma wata wasiƙar ta wannan shekarar, amsar da Sakkwato ta bayar kan abin da Turawa suka yi a Bauci. Ma'anarta ita ce: ba mu nemi taimakonku ba, kuna da addininku muna da namu, ga Allah muke neman taimako. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san inda wanga salo ya fito, ƙarshen Suratul Kafirun ne. Magana ce ta rabuwa, kowa ya tsaya inda yake. A darasin ma'ana an koya mana cewa jimla ba faɗar abu kaɗai take yi ba, aiki take yi: akwai mai ƙin amincewa, akwai mai gargaɗi, akwai mai shelar yaƙi. Tazarar da ke tsakanin "ku bar mu" da "mun ja daga da ku" kalma biyu ko uku ce a bakin tafinta, amma a fili rayuka ne. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli.

To su wa ke tsaye tsakanin harsunan nan? Lugga yana da ma'aikata ƴan ƙasa masu kai saƙo da kawo labari. Sanannen cikinsu shi ne Adamu Jakada, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Turawa da fadar Kano kafin yaƙi. A Keffi kuwa, a Oktoba 1902, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, aka kuma kashe ma'aikacinsa Audu Timtim, wanda masana tarihi da dama ke zargi da murɗa saƙon da ke tsakanin mutanen biyu. Magaji ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, wannan ya zama ƙarin hujjar kai hari. Kun gani ke nan: ba bindiga ce ta fara magana ba, tafinta ne.

Bayan an ci Sakkwato, Turawa sun kwashe wasiƙun Larabci daga gidan Waziri Buhari. A 1927 H.F. Backwell ya buga fassararsu a Ikko, a littafi mai suna The Occupation of Hausaland. Littafin na da amfani, ban musa ba. A ciki ake jin sarakuna na kai rahoton motsin Turawa ga Sakkwato, wato su ma suna da nasu idon da kunnen. Amma ku lura da yadda ya zo hannunmu: ganimar yaƙi ce, wanda ya ci yaƙin ya tsara ta, ya fassara ta zuwa harshensa, ya sa mata suna daga nasa ɓangaren. Mai karanta shi ba tare da wanga tunani ba, yana kallon kakanninsa ne ta tagar gidan wani.

Mu ƴan Tanda da Gaya abin nan ba labarin nesa ba ne. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ran 14 ga Yuni 1898 ta ja iyaka daga bakin Kwara sama da Illo, ta bi Dallol Mawri, har ta haɗu da wani da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. A 1904 aka sake gyara ta don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Ba a jan irin wanga layi sai da labari: ina rijiyoyi suke, wa ke biyan haraji ga wa, ta ina fataken gishirin Fogha ke bi zuwa kasuwannin Kabi. Wani ne ya yi tambaya da Faransanci ko Turanci, wani ya juya ta zuwa Hausa ko Dandanci, wani ya juyo da amsa. Shi ya sa yau in za ka Kamba daga Gaya sai ka tsallake iyaka, ko da gidan gwaggonka za ka.

Don kada a ce wannan dabara ce ta zamanin doki da takobi, bari mu leƙa Iran, inda Ingila ta yi irin wanga aiki da kayan zamani. A 1901 wani Bature, William Knox D'Arcy, ya samu izinin neman man fetur a can. An samu man a 1908, kuma a 1914 gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin, don jiragen ruwanta na yaƙi sun koma amfani da mai maimakon gawayi. Matatar Abadan ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Wayar tangaraho da ta haɗa Turai da Indiya tun 1870 ta Tehran ta bi, kuma wani sashe nata yana hannun Turawan Ingila har 1931. A Landan kuwa, tun 1919 akwai ofishin da aikinsa shi ne warware saƙonnin sirri na ƙasashen waje. Gwamnati, dukiya, saƙonni: abubuwa ukun da Lugga ya sa wa ido a nan, su ne aka sa wa ido a can.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Sarki Reza Shah ya ce shi ɗan ba-ruwana ne. Ingila da Tarayyar Sobiyet suka ce Jamusawan da ke aiki a ƙasarsa barazana ne. Ran 25 ga Agusta 1941 suka auka wa Iran, ran 16 ga Satumba sarki ya yi murabus, man Abadan da layin dogon ƙasar suka shiga hannunsu. Ga inda abin ya shafe mu: mai kula da harkar jarida a ofishin jakadancin Ingila a Tehran a shekarun yaƙin ita ce Ann Lambton, gwanar harshen Farisa. Littafinta na nahawun Farisanci ya fito a 1953, shekarar da Ingila da Amurka suka kifar da Firaminista Mosaddegh, wanda ya mayar da man ƙasarsa hannun gwamnati a 1951, kuma tana cikin waɗanda gwamnatin Ingila ta nemi shawararsu a rikicin. Littafin nahawun nagari ne, ɗalibai sun daɗe suna koyo da shi. Ilimin gaskiya ne, aikin da aka sa shi ma gaskiya ne. Haka muke da namu Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma yi wa Ingila aikin leƙen asiri lokacin yaƙin duniya.

Wani zai ce, to sai mu jefar da littattafan Turawa ke nan? A'a. In muka jefar da ƙamus ɗin Bargery na 1934, kanmu muka cuta. Abin da nake nema shi ne mu riƙa yi wa kowace takarda tambayoyin da muke yi wa jimla a aji. Wa ya faɗa, da wane harshe? Wa ya juya ta, wa ke biyansa? Ina asalin? Wa ya amfana da kalmar da aka zaɓa? Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan, ba su karɓar magana sai sun bi sarƙar waɗanda suka ruwaito ta. Wasiƙar 1902 sarƙarta mutum guda ce, kuma shi ne abokin gaba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mu. Yawancinmu da muka taso bakin iyaka muna jin Hausa, Dandanci ko Zabarmanci, da Faransanci, wasu har da Turanci ko Fulatanci. In mun gama karatu, aikin da ya fi saurin samuwa shi ne tafinta: ƙungiyar agaji, mai bincike, ɗan jarida, jami'in tsaro. Halali ne, kuma ana buƙatarsa. Amma ranar da tsohon makiyayi ya ce "ban san su ba" don tsoro, kai kuma ka rubuta cewa ya ƙi ba da haɗin kai, rahoton zai tafi ofishin da ba ka taɓa gani ba, kuma wani zai yanke hukunci da shi. Ka faɗi abin da aka faɗa, da nauyin da aka faɗe shi. In akwai kalmar da ke ɗaukar ma'ana biyu, ka kawo duka biyun. Kuma ka roƙi a adana asalin maganar kusa da fassararka, don wanda zai zo bayanka ya iya duba aikinka.