Kai, Wannan Bincike Na Oxford Brookes Ya Burge Ni!

Duk mai sha'awar injin iska ya nemo binciken da ya fito daga Jami'ar Oxford Brookes ta Ingila a 2021 ya karanta. Wallahi na daɗe ban ga aikin da ya faranta mini rai kamarsa ba. Joachim Hansen, matashin injiniya, da Farfesa Iakovos Tzanakis suka sa kwamfuta ta yi sama da awa 11,500 tana kwaikwayon yadda iska ke ratsa injuna masu juyawa a tsaye. Awa 11,500 fa, jama'a!

Injin da muka saba gani mai fukafukai uku ne a kan dogon ƙarfe. Matsalarsa, idan an jera su da yawa, na gaba sukan dagula iska, na baya su samu ragowa. Sahun gaba kan mayar da kusan rabin ƙarfin iskar zuwa lantarki, na baya kuwa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari kawai. Shi kuwa mai juyawa a tsaye, wanda Bafaranshe Georges Darrieus ya yi wa rajista a Amurka a 1931, yana wulwulawa ne kamar maburgi, ko ta ina iska ta taso ya karɓe ta.

Inda abin ya fi tsuma ni shi ne wahalar lissafin. A zagaye ɗaya tak, kowane fiffike sai ya fuskanci iska, ya ba ta gefe, sannan ya ba ta baya. Iskar da ke manne da jikinsa sai ta ɓalle, ta murɗe ta zama 'yan guguwoyi, fiffiken kuma ya zagayo ya kutsa cikin hargitsin da ya tayar da kansa. Don kamo wannan, ana yanka sararin da ke kewaye da injin zuwa ƙananan gidaje bila adadin, kwamfuta ta warware lissafin Navier-Stokes a kowane gida, ta ɗan matsa da fiffiken, ta sake daga farko. Ka ga hotunan da irin wannan aiki ke fitarwa, ja inda iska ke gudu, shuɗi inda ta lafa, sai ka rasa bakin magana. Iskar da ido bai taɓa gani ba, ga ta ƙiri-ƙiri!

Sakamakon kuwa, masha Allah. Da aka ajiye inji na biyu a karkace, a kusurwar digiri 60, da tazarar faɗin inji uku, ƙarfin su biyun ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari a kan yadda suke a ware. Na gaba yana matse iska ta gefensa ta ƙara sauri, na baya ya tare ta. Maƙwabci ya zama mataimaki. Wani mai bincike, John Dabiri, ya hango haka a gwajinsa na fili a Kalifoniya tun 2011, ga shi lissafi ya mara masa baya.

Masu suka za su ce kwaikwayon a shimfiɗe aka yi shi, bai haɗa da tsayin injin ba. Gaskiya ne, kuma ko kaɗan bai rage mini zumuɗi ba, don yanzu an san kusurwa da tazarar da za a fara gwadawa a zahiri. Ɗalibin injiniya da ke son taɓawa da hannunsa, manhajar OpenFOAM kyauta ce, ya sauke ya fara da inji biyu.