Kura da Shan Bugu

Wata ranar kasuwa a garinmu, ina ɗan firamare, muka ji ganga da ihun yara daga wajen 'yan awaki. Gardawa ne suka sauka. Babbansu ya sha buje da layu, akayau a ƙafa, sarƙa a hannun dama, kulki a na hagu. A ƙarshen sarƙar kura ce da takunkumin igiya. Can gefe gwaggon biri sanye da 'yar riga yana miƙa hannu ana ajiye masa sulalla. Na kutsa har gaba. Abin da idona ya kama, ya kuma ƙi saki har yau, wuyan kurar ne: inda sarƙa ke zama gashi ya zube, fatar ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Duk sa'ad da gardin ya ɗaga kulki, sai ta durƙusa tun bai sauke ba. Jama'a suka ce asiri ne.

Tuni Bahaushe ya yi wa wannan sana'a hisabi da magana guda: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu a kan mutane muke buga karin maganar, mun manta da mai ita. A 2005 da 2007 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi irin waɗannan gardawa a Nijeriya, hotunansa suka zaga duniya, masu kallo a Turai suka yi ta salati irin nasu. Alhali babban gardin zamani a can wajensu yake, kamara ce gangarsa.

Wajen shirya fim ɗin Jesse James na 1939 a Amurka, an tunkuɗa doki daga kan tsauni ya faɗa ruwa ya mutu, don a sami hoto mai tsuma rai. Kukan da jama'a suka yi ne ya sa daga 1940 ƙungiyar American Humane ta fara tura wakilai wuraren ɗaukar fim. Ita ce mai shaidar nan da ake gani a ƙarshen finafinai, cewa ba a cutar da dabba ba. Shaidar ta yi rana, ba na musu. Matsalarta, abin da ya faru a gaban kamara kawai take aunawa. Lokacin shirya The Hobbit a New Zealand, masu kiwon dabbobin fim ɗin sun bayyana a 2012 cewa guda 27 sun mutu, har da dawaki, a gonar da ake ajiye su, inda idon wakili bai kai ba. Shekara guda bayan haka mujallar The Hollywood Reporter ta fallasa wasiƙar wata wakiliya da ke cewa damisar Bengal da aka yi Life of Pi da ita ta kusa nutsewa a tafkin ɗaukar fim. Duk da haka fim ɗin ya fito da shaidarsa.

Doki dai da kare sun yi dubban shekaru a hannun ɗan Adam, sun san murya da linzami. Naman daji kuwa ba ya zuwa filin wasa sai an karya wani abu a cikinsa, kuma ana karya shi ne tun kafin 'yan kallo su hallara. Birin cimfanzi da ake gani a finafinai da tallace-tallace, sanye da kwat yana washe baki, yaro ne ƙarami da aka raba da uwarsa. Washe bakin ma, a yaren birai, alamar tsoro ce. Mu ne muka fassara ta da dariya. Da ya kai shekara takwas ko kusa da haka ƙarfinsa ya fi na mai horonsa, an gama da shi. Ga shi kuma yana iya rayuwa shekara 50. Sauran shekara arba'in ɗin fa, a ina zai yi su? Babu fim ɗin da ke nuna wannan.

Ko masu kyakkyawar niyya ba su tsira ba. Keiko, dabbar tekun nan orka da ta fito a Free Willy a 1993, an kama ta tana ƙarama a tekun Iceland a 1979. Fim ɗin labarin 'yanta ta ne, amma da aka gama ɗauka ta ci gaba da zama a ɗan tafkinta na birnin Mexico. Kunya da matsin 'yan kallo suka sa aka kashe miliyoyin daloli aka mayar da ita gida a 1998. Ta yi iyo har Norway, tana ta raɓar mutane, ta kasa zama cikin danginta, ta mutu a Disambar 2003.

Masu kare sana'ar kan ce ganin zaki a allo ne ke sa mutane su so shi har su kare shi. Ban gamsu ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2008 ya nuna cewa yawan ganin cimfanzi a talabijin na sa mutane su ɗauka ba ya cikin haɗarin ƙarewa. Ga shi kuma uzurin manyan kamfanoni ya ƙare: birran Rise of the Planet of the Apes na 2011 mutane ne da kwamfuta, The Lion King na 2019 kuwa babu zaki mai rai ko ɗaya a cikinsa. Gidan wasan dabbobi na Ringling ya sallami giwayensa a 2016, Ingila ta hana yawon wasa da namun daji daga 2020.

Gardi ne ya fi ba ni wahala, don ba shi da kwamfuta. Sana'ar gadonsa ce. Da ita yake tara jama'a ya sayar da magani, da ita yake ciyar da gida. Malaminmu na allo kan tuna mana da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, kuma ban ga dalilin da zai fitar da kura daga wannan hukunci ba. Sai dai wa'azi kaɗai ba ya kwance sarƙa. Indiya, wadda muka tashi muna kallon giwayenta a fim ɗin Haathi Mere Saathi, ta haramta rawar beyar da doka tun 1972, amma 'yan ƙabilar Kalandar suka ci gaba da huda hancin 'ya'yan beyar da ƙarfe mai zafi suna zura igiya, domin ba su da wata hanyar abinci. Sai da ƙungiyar Wildlife SOS ta fara karɓar dabbobin a 2002, tana ba masu su jari, tana sa 'ya'yansu a makaranta, sannan abin ya mutu. Fiye da beyar 600 aka karɓa. Na ƙarshe, mai suna Raju, mai shi da kansa ya jawo shi da igiya ya miƙa a Disambar 2009.