Wa'azin bashi da ke yawo a wayoyinmu: abin da ya faɗa da abin da ya bari

 

Kusan wata guda ke nan ɗalibai suna kawo mini wani wa'azi a kan bashi da ake ta turawa ta WhatsApp. Ba zan ambaci sunan malamin ba, domin maganarsa nake son mu duba, kuma irin wannan magana ni kaina na sha yin ta a kan mumbari. Da na so in bar ta ta wuce, sai wani abu ya faru a nan Tokoin.

Wani bawan Allah da muka saba gani a sahun farko ya ɗauke ƙafa daga jam'i har mako uku. Na tambaya, aka ce lafiyarsa ƙalau. Na je gidansa bayan Isha'i. Ɗan gwanjo ne a kasuwar Hedzranawoe, ya ci bashi ya sayi dila, dilar ta zo da kayan da ba su shiga kasuwa ba. Ya ce da ni: "Malam, kunya ce. Yaron mai kuɗin ya gane ba na fashin Asuba, sai ya riƙa kafa babur a ƙofar masallaci yana jira na. Ga shi kuma na ji a wa'azi wanda ya mutu da bashi ba a yi masa sallah. To ni me ya rage mini?"

Tun daga wannan dare na sake sauraron wa'azin sau uku, da alƙalami a hannu.

Mu fara da adalci. Malamin ya yi daidai da ya tsoratar a kan riba, domin haramcinta ba abin jayayya ba ne, ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara sun rufe wannan ƙofa. Ya yi daidai da ya soki masu fakewa da "bashi hanji ne, yana cikin kowa" su ci kuɗin mutane su kashe waya. Ya yi daidai da ya taɓo bashin biki da na anko, da ragon Layya da ake ɗaukowa da ruwa a kai, alhali a mazhabarmu ta Malikiyya Layya sunna ce ga wanda ba za ta ƙuntata masa ba. Duk wannan na sa hannu. Matsalar ita ce ya karanta wa jama'a rabin babi ya rufe littafi.

Kuskure na farko yana cikin hadisin jana'iza. Gaskiya ne an kawo gawar wani mutum da ake bin sa bashi, Manzon Allah (SAW) ya ja baya, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace shi. Amma malamin bai faɗi abu biyu ba. Ɗaya, ko a lokacin da ya ja baya, ya umarci sahabbai su yi wa ɗan'uwansu sallah, ba a taɓa binne Musulmi ba sallah saboda bashi ba. Biyu, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa da Allah ya buɗa wa Musulmi arziki, Manzon Allah ya mayar da bashin mamacin da bai bar abin biya ba a wuyansa. Wato ƙarshen al'amarin shi ne shugaban jama'a ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya kawo farkon labari ya ɓoye ƙarshensa ya bar wa mutane tsoro ba tare da mafita ba.

Kuskure na biyu, ya zuba duk masu bashi a kwando ɗaya. Ku ɗalibai da kuke karatun Risala ta Ibn Abi Zaid, ku duba babin hukunce-hukunce da shaidu, za ku ga an bambanta: wanda ba a san halinsa ba alƙali na iya tsare shi don a bincika, wanda kuwa aka tabbatar ba shi da komai ba a tsare shi. Mai hali da yake ja wa mutane rai, hadisi ya kira aikinsa zalunci. Wanda ya karye kuwa, aya ta 280 a Baƙara ta wajabta a jinkirta masa har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Ko wanda alƙali ya sayar da dukiyarsa aka raba wa masu bin sa, Mukhtasar na Khalil ya bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufafin sawa. Matan da gobarar babbar kasuwar Asigame ta cinye wa kaya a Janairun 2013, da yawansu da kuɗin aro suka sayi kayan. Za mu ajiye su a sahu ɗaya da wanda ya ci bashi ya sayi babbar waya? Kuma kada mu manta, Manzon Allah ya bar duniya sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓa wa iyalinsa. Da bashi a kan kansa abin kunya ne, da bai ci ba.

Kuskure na uku shi ne mafi girma: tun daga farko har ƙarshe, ko kalma ɗaya bai faɗa wa mai bin bashi ba. Kamar dai duk abin da ya ga dama ya yi, halal ne.

Mai haƙƙi yana da bakin magana, wannan haka yake. Wani mutum ya taɓa zuwa ya kausasa harshe ga Manzon Allah a kan raƙumin da yake bin sa, sahabbai suka zabura, ya hana su, ya kuma biya shi da wanda ya fi nasa. Saboda haka idan mai kuɗi ya ɗaga maka murya, ka yi haƙuri, kuɗinsa ne. Amma akwai iyaka. Ka'ab bin Malik ya tare Ibn Abi Hadrad a cikin masallaci yana neman kuɗinsa, muryoyi suka tashi har Manzon Allah ya ji daga ɗakinsa. Ya ɗaga labule ya yi wa Ka'ab ishara ya yafe rabi, Ka'ab ya amince, sannan ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. Kun ga yadda aka yi? Mai kuɗi ya sassauta, wanda ake bi ya biya nan take, rigima ta mutu. (Ɗalibai ku lura: wannan bashi ne da lokacinsa ya riga ya yi. Rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biya, wannan mas'ala ce dabam, kuma malaman Malikiyya sun hana ta.)

To yanzu a gwada da abin da muke gani a unguwa. A je gidan suna a kira mace da sunan bashi a gaban surukanta. A kira maƙwabta da iyayen mata a waya ana ba su labari. A ɗauke keken ɗinki ko babur ɗin zemijan, abin da mutum zai nemi kuɗin biyan da shi. A ɗora tara a kan kowace ranar da aka makara. Wannan ta ƙarshe ita ce ainihin ribar Jahiliyya, lokaci ya yi, ko ka biya ko a ƙara maka. Malamin da ya zagi riba bai ga ita ce take zaune a cikin littafin mai karɓar kuɗi ba?

Abin da ya ƙara ba ni kunya, hukumomin da ba su karanta Risala ba sun riga mu magana. A Nijeriya, a watan Maris na 2022, hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin ba da rance ta waya a Legas, saboda suna aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci. A Amurka, tun 1977 akwai dokar da ta hana kamfanin karɓar bashi kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta kuma hana shi bai wa maƙwabta labarin bashin. Mu da muke da nassi a kan rufa asirin Musulmi, mun yi shiru.

Har a nan Togo doka ba ta bar mai bashi a tsirara ba, sai dai yawancinmu ba mu sani ba. A ƙasashenmu masu sefa da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, iyakar ruwan da aka sanya a ranar 1 ga Janairun 2014 ta kasance kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ba da rance da sauran masu ba da bashi. Wuce iyakar laifi ne a doka. Ban kawo wannan don in halatta kashi 24 ba, ko kashi 1 riba ce. Na kawo ne don ku yi lissafi. Wanda ya ba ka jaka 100 ya ce ka kawo jaka 20 duk wata har wata 6, kai kana ganin kashi 20 ya ɗora. Ina! Kafin wata na huɗu ka mayar da fiye da rabin kuɗinsa, amma ƙarin yana nan a kan jaka 100 cur. In aka auna shi a shekara, ya haura kashi 60. Haka nan a dokar OHADA da Togo ke ciki, mai bin bashi ba ya shigowa gidanka ya kwashi kaya da hannunsa, ƙwace kaya yana bi ta hannun ma'aikacin shari'a, wisiye, bisa ƙa'idar da doka ta shimfiɗa. Kuma kotu na iya duba halin mutum ta jinkirta masa ko ta rarraba masa biya har tsawon shekara guda.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke Amurka ko Jamus, akwai katin bashi na banki da yaranmu ke riƙewa a can. Ka saya yau, in wata ya ƙare ba ka biya duka ba, ruwa ya hau kan ragowar, wata mai zuwa ruwan ma ya haifi nasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Idan ka matsa wa yaro ya aiko da kuɗin biki ta kowace hanya, ka tambayi kanka daga ina zai ciro su.

To, wanda ya riga ya faɗa fa, yaya zai yi? Wannan ce tambayar da wa'azin bai amsa ba, ga abin da na gaya wa mutumin namu.

Ka tuba daga ribar da ka shiga, amma kada ka ce tunda da riba a ciki ba za ka biya komai ba. Uwar kuɗi tana wuyanka. Ka zauna da takarda ka rubuta kowa da abin da yake bin ka, ka raba uwar kuɗi da ƙari, domin mai bashi da yawa bai ma san jimillar abin da ke kansa ba. Kada ka kashe waya, kada ka sauya hanya, kai ka fara zuwa wurin mai kuɗi, da dattijo ɗaya ko biyu, ka faɗi abin da za ka iya duk mako, ka roƙi a sauke ƙarin. Duk abin da aka daidaita a rubuta, a sa shaidu, duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa muna ganin rubutu rashin yarda ne. Ka sayar da abin da ba dole ba. Kada ka ci sabon bashi don ka toshe tsoho, rami ne kake haƙawa ka cike wani. In an tilasta maka biyan ƙarin kuma ba yadda za ka yi, ka biya ka fita da gaggawa, kada ka koma. Kuma ka riƙe hadisin da ke cikin Bukhari, wanda ya yi bushara cewa mai karɓar dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa.

Saura namu, mu jama'ar masallaci. A cikin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba zakka akwai waɗanda bashi ya danne. Yaushe rabon da wani attajirinmu ya kira limami a asirce ya ce a nemo masa mai bashi? Malamanmu sun sharɗanta kada bashin ya zama na saɓo, sai in mai shi ya tuba. Sun kuma ce wanda yake bin matalauci ba zai share bashin ya lissafa shi a zakkarsa ba. Ina ba kwamitinmu shawara abu biyu: a ware dattawa uku masu riƙon sirri da za su riƙa shiga tsakani, kuma a sanar cewa ƙofar masallaci ba wurin tare mutum ba ce. Mai haƙƙi ya shigo ya same mu, za mu zaunar da su biyun.

Mutumin namu ya dawo sahu. Mun zauna da mai kuɗin, ya sauke tarar makara, an rubuta biya duk Juma'a. Har yanzu da saura mai yawa, ku sa shi a addu'a ba tare da neman sanin ko wane ne ba.

Shi kuwa malamin, ina yi masa kyakkyawan zato, na san kishi ne ya sa shi. In wannan takarda ta isa gare shi, ina roƙonsa ya yi wa'azi na biyu ya ƙarasa babin. Ku kuma ɗalibai, kafin ku tura wa'azi gaba, ku tuna akwai wanda zai saurare shi cikin dare shi kaɗai, bashi ya hana shi barci.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya sanya tausayi a zukatan masu bi, ya wadata mu da halal. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.