Gandu da Fuloti: Sharhi a Kan Nazarin Gonar Gado a Ƙasar Jega

Duk wanda ya karanci al'adun Hausawa ya san bayanin gandu kamar yadda ake koyar da shi. Uba da 'ya'yansa, masu aure da marasa aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Uba ne yake ɗaukar nauyin haraji da kayan aiki da kuɗin aure, yana kuma yanka wa kowane ɗa 'yar gayauna, wadda a ƙasashen Sakkwato da Gwandu ake kira kurga. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna manyan rubuce-rubucen da wannan bayani ya dogara a kansu da abin da yake faruwa a Jega da Aliero da Maiyama, inda ake yanka gonakin gado fuloti-fuloti ana sayarwa domin gina gidaje. Abin da awon ya nuna shi ne, rubuce-rubucen sun bayyana yadda mutanen gandu suke rabuwa, amma ba su tanadi komai ba game da ranar da ƙasar kanta za ta daina zama gona.

Ayyuka uku aka fi kafa hujja da su. M. G. Smith ya bayyana gandu a ƙasar Zazzau a 1955. A. D. Goddard ya yi nazarin ƙauyuka uku na kewayen Sakkwato, watau Takatuku da Kaura Kimba da Gidan Karma, sannan a 1973 ya nuna cewa ƙarancin gona da cin rani suna raunana gandu. Sai Polly Hill, wadda aikinta ya fi sauran zurfi. A littafinta Rural Hausa na 1972, wanda ta gina a kan zamanta a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da ɗa wadda kowane ɓangare yake iya warwarewa, cewa gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba ba ya cika daɗewa, kuma cewa cinikin gona tsohon abu ne, talaka yana sayarwa mai hali yana saye. Wannan batu na ƙarshe ya isa gargaɗi ga masu cewa Bahaushen da ba ya sayar da gonar gado.

To amma a duk waɗannan ayyuka, gonar da aka sayar gona ce a hannun wanda ya saya. Ta bar gidan wane ta koma gidan wane, gero dai ake shukawa. Wanda ya sayar yana iya yin ƙodago a cikinta, ɗansa kuma yana iya sayo ta in Allah ya hore masa, balle in jingina aka yi. Fuloti ya toshe wannan ƙofa, domin ƙasar da aka haƙa tushe aka zuba siminti ba ta sake komawa ga garma. Abin lura kuma shi ne, wuraren da Hill ta yi bincikenta su ne suka fara nuna wannan giɓi. Ɗorayi, wadda ta bayyana a littafinta na 1977 a matsayin karkarar Kano mai cunkoson manoma, yau unguwa ce a cikin birni, a bayan tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Batagarawa ma Katsina ta cim mata. Ba laifin marubuciyar ba ne da ba ta hango haka ba. Laifin yana wuyan wanda yake ɗauko bayanin 1972 ya karantar da shi yau ba tare da ya leƙa waje ba.

Abin da ya sami Ɗorayi shi ne ya fara a kudancin masarautar Gwandu. Jega dai tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta wajen 1820 garin kasuwa ce, kuma a nan hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006. Malamai da ma'aikata da ɗalibai duk suna bukatar ɗaki, mai kuɗin albasa kuma yana neman inda zai adana ribarsa, sai gonar tudu ta bakin titi ta sami farashin da gero ba zai taɓa ba ta ba. Lissafin a fili yake. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, don haka hekta ɗaya tana ba da kimanin 21, ko wajen 15 in an fitar da hanyoyi. Fadamar albasa ta fi tudu jurewa, saboda noman rani yana kawo kuɗi a hannu, ga shi kuma ba a son gini inda ruwa yake kwanciya. Maiyama, da yake ta ɗan yi nisa da jami'ar, matsin nata yana bin titin Koko ne da kewayen hedikwatar ƙaramar hukuma.

Akwai hanyoyi biyu da suke kai gona ga igiyar awo waɗanda nazarin gandu bai kula da su sosai ba. Ta farko rabon gado ce. A fiƙihun Malikiyya, haƙƙin shufu'a, watau fifikon abokin tarayya wajen sayen rabon da ɗan'uwansa zai sayar, yana nan ne muddin ba a raba kadarar ba. Da zarar an raba an ja iyaka, ya faɗi, kuma maƙwabci ba shi da shi. Ashe ke nan zaman gandu da rashin raba gona su ne katangar da take tsare ƙasar gida daga baƙo. A da 'ya'ya mata sukan bar rabonsu a hannun 'yan'uwansu maza, a riƙa aika musu damman hatsi bayan kaka. Yanzu da gona ta zama kuɗi, kowa yana neman rabonsa, kuma wannan haƙƙi ne da shari'a ta ba shi. Duk sharhin da zai yi kukan rushewar gandu ya manta da cewa mata da yawa sai a wannan zamani suka riƙe gadonsu a hannu, to bai yi adalci ba.

Hanya ta biyu ita ce dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 36 ya bar wa manomin karkara gonarsa, amma ƙaramin sashe na 5, a zahirin lafazinsa, ya hana a yanka irin wannan gona zuwa filayen gini ko a sayar da ita. Sashe na 3 kuwa ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, sannan sashe na 29 ya taƙaita diyya ga abin da yake kan ƙasa, kamar gini da amfanin gona, ban da darajar ƙasar kanta. A nan gizo yake saƙar. Magadan da suka ga gari yana matsowa sun san cewa in hukuma ta riga su, diyyar gero da itatuwa kaɗai za su karɓa. Saboda haka sai su yi sauri su kira dillali da mai awo, a yi ciniki gaban shaidu da mai unguwa. Wannan shi ne abin da Kanawa suke kira awon igiya, kuma shi ya sa ake samun unguwanni masu lunguna da mota ba ta shiga, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Dokar da aka yi domin hana cinikin ƙasa barkatai ta zama tana gaggauta shi.

Abin mamaki ne yadda masu nazarin Hausa suke tsallake littafin da aka rubuta a wannan masarauta a kan wannan matsala. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasa, ciki har da raya matacciyar ƙasa da hurumin gari, watau kewayen da jama'a suke kiwo da itace a cikinsa, wanda ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan tunani ya fi bayanin Turawan dacewa da halin da ake ciki, domin ya tuna da masu haƙƙin da ba su cikin magada. Ga mai noma da aro, wanda ya shekara yana zuba taki, ba a ko shawarce shi ba. Ga Bafulatanin da burtalinsa ya bi ta gefen gonar. Ga kuma autan gida, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana noman gandu bisa fahimtar cewa ladarsa aure ne da gona, aka ba shi kuɗin fuloti biyu ya sayi babur.

Harshe ma yana riƙe da shaidarsa. Gona tana da suna da hali: akwai jigawa da fako da saura da fadama, ana kuma kiran ta gonar tsamiya ko gonar rijiya. Da ta fara jiran gini sai ta koma fili, ko hili a bakin mutanen yankin, kalmar da take nufin wurin da babu komai, ko da kuwa dawa ce tsaye a ciki. Daga nan sai fuloti, wanda girmansa da kusancinsa da titi kaɗai ake tambaya. Aikatau ɗin yanka bai canja ba, amma a da uba ne yake yanka wa ɗa, yanzu kuwa yankawa ake yi a sayar. Iyakar da ake shuka wa gamba ta zama ƙusurwar bulo.

Kayan aikin wannan nazari suna nan kusa. Takardun cinikin gona da Hausa ake rubuta su, wasu da boko wasu da ajami, kuma tsarinsu sananne ne: daga gabas ta yi iyaka da gonar wane, daga yamma da gonar wane, haka kudu da arewa. Ɗalibin da zai tattara irin waɗannan takardu na gona guda a Aliero daga 1991 zuwa yau, ya haɗa su da bayanan rabon gado na kotunan shari'a na Jega, zai iya nuna shekarar da kalmar hanya da kalmar kango suka maye gurbin sunayen maƙwabta a kowace kusurwa.